Fatalwar da Ke Tambaya Ina Gida

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ba tare da ta san ta tono komai ba. Wata Lahadi ce, wani tsohon abokin maigidana ya taso tun daga Tottenham ya zo gaishe ni a gidanmu na Barking, nan gabashin London, don ya ji labarin ina haɗa kaya zan koma ƙasa gaba ɗaya. Ummi, 'yar 'yata ta fari, ita ta buɗe masa ƙofa. Budurwa ce tana jami'a, a nan aka haife ta, tana jin Hausa tsaf in ana yi mata faɗa ko ana maganar abinci, amma amsa sai da Turanci. Ta durƙusa kamar yadda na koya mata, shi kuma yana cire takalmi ya ce, "Ummi 'yan boko, ina gida?" Ta ɗago kai tana mamakin tsohon da ke tsaye a cikin gida yana tambayar gida, ta ce, "It's here, Uncle. You're in it." Alhaji ya yi dariya har da dafa bango. Uwarta ta rufe fuska don kunya tana cewa, "Lafiya lau ake cewa, ke! Gaishe ki yake yi."

Ni ban yi dariya ba. Cokalin da nake juya shayi ne ya tsaya a hannuna, don rabon da in ji an ba wannan tambaya wannan amsa, wato nan ne gida, tun ina yarinya da ɗan zane a ƙugu, kuma wadda na ji ta bayar da ita ƙasa ta daɗe da rufe ta. Alhaji ya zauna, aka gaisa, aka yi wa maigidana addu'a, ya ce ashe da gaske tafiya zan yi. Na ce da gaske ne. Maigidana ya rasu bara waccan, an binne shi a makabartar Musulmi da ke gabashin gari. Mun zo ƙasar nan ne da niyyar ya ƙaro ilimin likita mu koma, muka yi ta cewa baɗi, baɗi, har gashinmu ya yi fari a bakin hitar ɗumama ɗaki. Yanzu ƙanena ya gyara mini ɗaki a gida, ya shafa fenti, kullum sai ya turo hoto, an kuma yanka mini tikitin tafiya babu dawowa. 'Yata ba ta ce kar in tafi ba, ta dai daina kallon fuskata in muna cin abinci. Ina son gida, ba zan ɓoye ba. Ina so in ƙarasa kwanana inda ake kiran sunana yadda aka raɗa shi, in ji kiran salla ta taga ba ta waya ba. Amma tafiyar tana nufin in bar mutumin da muka yi ƙuruciya muka yi tsufa tare, kwance shi kaɗai a ƙasar da ba tasa ba, kuma wannan ne ya hana ni jin daɗin hotunan ɗakin.

Garinmu ba tsohon gari ba ne irin mai ganuwa da tarihi. Turawa ne suka kafa shi lokacin da suke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Suka gina bariki a kan tudu, suka zauna na ɗan zamani, sauro da shawara suka yi musu ɓarna, suka tattara suka koma wani wuri mai iska. Suka bar mana tasha, da layin mangwaron da suka dasa a jere, da gidaje masu baranda waɗanda rufinsu ya rufta jemagu suka gaje, da kuma matattunsu. Abin da na fi tunawa da garin shi ne ƙararsa. Da asuba jirgin kaya yakan yi kuka daga nesa kafin ya hau gada, sai zakaru su amsa masa, sai a ji turame sun ɗauka gida-gida, kowace mace da irin lugudenta, har kana iya gane wadda ta tashi da fushi. Mu 'yan mata aikinmu ruwa da itace. Mu gangara kogi da tuluna muna waƙa, mu hawo tudu muna nishi, gammo ya jiƙe, ruwa na bin baya. Wadda ta fasa tulu ta san ba ta da bakin magana a gida har kasuwa ta zagayo. In rana ta take kuwa gari yakan yi tsit, ba ka jin komai sai kurciya da gyare, kuma a lokacin ne iyaye ke hana yara yawo, don a wurinmu ba duhu kaɗai ake tsoro ba, tsakar rana ma tana da masu ita. Yanzu in na zauna a ɗakina, jirgin ƙasa na layin District nake ji yana wucewa ta bayan gidaje, kuma sai da na yi shekaru kafin kunnena ya daina jiran zakara bayansa.

Makabartar Nasara, haka muke kiranta, tana gefen barikin, an kewaye ta da gajeren ginin dutse da ƙofar ƙarfe wadda tsatsa ta ci. Mu mun saba kabari tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, damina kaɗan ta shafe shi. Sai ga mutane sun kafa wa matattunsu duwatsu masu rubutu, wani da gicciye, wani da mutum-mutumin yaro mai fukafuki wanda hancinsa ya guntule. A tsakiya akwai wata ƙatuwar tsamiya, 'ya'yanta sun fi na ko'ina nama, suna zuba suna ruɓewa ba mai taɓawa. An hana mu nuna kabari da yatsa. In ka kuskura ka nuna, sai ka ciji yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba wai hannun zai shanye. Labarai kuwa kowa da nasa. Makiyaya suka ce suna jin ƙamshin tabar lofe in iska ta kaɗo daga wajen. Mata masu itace suka ce akwai wata Baturiya da ke zama a kan dutse tana taje gashi, gashin har ƙasa. Mai gadin tasha, wanda dama ba ya rabo da rantsuwa, ya ce yana jin ana busa usur ana fareti. Amma wanda ya fi kowa suna shi ne Ina-gida. An ce saurayi ne dogo siriri da farar riga. In ka ratsa ta gefen katangar da tsakar rana sai ka ji murya a bayanka, da karyayyiyar Hausar Turawa, tana cewa, "Ina gida?" Duk wanda ya manta ya amsa da lafiya lau, zazzaɓi zai kwantar da shi, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Don haka aka koya mana ko uban wa ya gaishe mu a wajen, mu yi gum mu ƙara sauri. Wani dattijo mai sayar da gishiri ya taɓa gaishe mu a hanyar, da ransa da lafiyarsa da jakinsa, muka watse muka bar shi yana tambayar me ya yi.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta tsoron wurin, ita ce Iya, gwaggon babana. Gajeruwa ce, baƙa, haƙoranta sun rine da goro. Mijinta ya mutu, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna goye, ta dawo gidanmu tana kaɗi tana daddawa. Bakinta kuwa ba a magana, in ta yi maka ba'a sai ka je gida ka kwanta sannan ka gane inda ta ajiye ka. Ni ce 'yar ɗakinta, ni ke cire mata furfura, ita kuma tana kirana mai ƙafar zabo saboda siraran ƙwaurina. Duk washegarin kasuwa, in ta gama shanya daddawarta, sai ta ɗauki tsintsiya da 'yar fartanya ta nufi tudu. Ta tura ƙofar ƙarfen nan da ƙafa, ta tsaya ta ɗaga murya kamar mai shiga gidan maƙwabta, ta ce, "Nan ne, ɗan mutane. Nan ne, kwanta abinka." Sannan ta duƙa ta hau shara. Ba kabari ɗaya take sharewa ba, duka take bi, ta cire ƙaya, ta nome ciyawa, ta kori awaki da zagi, amma a kan wani ƙaramin dutse da ke gindin tsamiya take daɗewa. Ko harafi ɗaya na abin da ke jikinsa ba ta iya karantawa ba.

A garinmu mace ba ta shiga makabarta, ko ta Musulmi, balle ta Nasara. Magana ta yi yawa har liman ya aiko a kira masa babana. Iya ta ce ba sai an wahalar da yaro ba, wato babana, ta yafa mayafi ta tafi da kanta, ni ina biye da ita don ban taɓa bari abin kallo ya wuce ni ba. Ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi da ladabi.

Ya ce, "Iya, an ce kina yi wa waɗanda ba Musulmi ba hidima a kushewarsu."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, salla na yi musu ko azumi? Shara na yi. In baƙo ya sauka a gidanka ai kakan sa a share masa ɗaki, ba ka fara tambayarsa alƙiblarsa. Waɗannan sun sauka a garinmu ne, komawar ta gagare su."

Liman mutum ne mai sanyin hali. Ya ja carbinsa ya ce, "To, ki riƙa alwala in kin fito."

Ta ce, "Da ita nake shiga."

Ya yi murmushi ya sallame ta, ba a ƙara tayar da maganar ba.

Dalilin abin sai wata rana ina cire mata furfura ta gaya mini. Ta ce tana yarinya kamata, lokacin barikin na cike, takan kai ruwa gidan wani Baturen jirgi. Yaro ne, ko gemu bai tsayar ba, kunnuwansa manya jajaye kamar an murza su. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a hargitse, yakan ce wa mutum ina kwana da la'asar sakaliya. Amma ina gida ya riƙe ta da kyau, kowa ya gani sai ya yi masa ita, har jaki in ji Iya. Sai shawara ta kama shi. Ranar ta kai ruwa ta tarar an buɗe ƙofofi saboda zafi, yana kwance ya koma ruwan ɗorawa, kukunsa na tsaye yana yi masa fifita. Yana ta cewa, "Ina gida? Ina gida?" Kuku kuma, bawan Allah, duk faɗa ɗaya sai ya rusuna ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Iya ta ce ta tsaya da tulu a kai tana kallon idon yaron, ta ga ba kuku yake kallo ba, ƙofa yake kallo da hanyar da ta gangara tasha. "Ba gaisuwa yake yi ba, mai ƙafar zabo," in ji ta. "Hanya yake tambaya. Ya tattara 'yar Hausar da yake da ita ya tambayi gidan uwarsa, ana ta ce masa lafiya lau." Ta ce ta so ta yi magana, amma wace ce ita, 'yar ruwa, a ɗakin Bature. Washegari aka haƙa masa a gindin tsamiya. Na ce to me ya sa take ce masa nan ne, alhali gidansu na bayan teku. Ta dungure mini kai ta ce, "Inda ake share maka wuri aka san da kai, me ya rage? Cire mini ta bayan kunnen nan, tana mini ƙaiƙayi."

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a shekarun da Turawan mulki ke haɗa kayansu za su bar ƙasar. Bazara ce, zafi kamar mutum ya tuɓe fatarsa. Mun dawo daga itace ni da ƙawayena, muka shagala da wasa har rana ta take, muka ce bari mu yanke ta gefen makabartar da sauri-sauri. Muna daf da katangar sai na hango abu fari yana motsi a tsakanin duwatsu. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya miƙe, na nuna da yatsa na ce ku duba. Farin abin ya juyo. Doguwar Baturiya ce tsohuwa, farar riga har ƙasa, farin gashi, laima a hannu, fuska ja jawur. Ta tako zuwa bakin katanga, ta yi murmushi, ta buɗe baki ta ce, "Ina gida?"

Ƙawayena suka watsar da itace suka ranta a na kare suna ihu fatalwa ta fito. Ni kuwa na tsaya a wurin. Ga itace a kai, ga yatsan da na yi nuni da shi na cusa a baki ina cizo, ga fitsari yana bin ƙafata, na kulle maƙogwaro kada lafiya lau ta kuɓuce mini. Ban san tsawon lokacin da muka yi muna kallon juna ba. Sai na ji takun Iya. Ihun yaran ne ya fito da ita, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, amma tsintsiya na hannunta. Ta dube ni ta ce, "Cire hannu a baki, sakarya. Kin taɓa ganin fatalwa na gumi?" Baturiyar ta juya gare ta ta sake cewa, a hankali, kamar mai tsoron kada kalmar ta fashe mata, "Ina gida?" Iya ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon kunnuwan matar, manya jajaye kamar an murza su. Sannan ta tura ƙofar, ta kama ta a wuyan hannu yadda take kama ni in za mu tsallaka hanyar jirgi, ta ja ta har gindin tsamiya, ta nuna ƙaramin dutsen da haɓa, ta ce, "Nan ne."

Matar ta karanta dutsen, laimar ta faɗi daga hannunta. Ta zube a kan gwiwoyinta a ƙasar da ke ɗauke da sawun tsintsiya, ta fashe da kuka irin wanda ban san Turawa na yi ba. Iya ta tsuguna kusa da ita tana shafa bayanta tana cewa, "Sannu, yi haƙuri, sannu," kamar yadda ake yi a gidan rasuwa ranar farko. Can sai ga mai kula da tashar jirgi ya iso yana haki yana tura keke, ashe shi ya kamata ya rako ta, ta ƙosa ta riga shi. Shi ya yi musu tafinta. Ya ce ƙanwar mamacin ce. Mamacin ya taɓa zuwa hutu gida ya koya mata gaisuwar, ya ce haka mutanen can ke tambayar lafiyar iyali. Ita ce kaɗai Hausar da ta sani, ta riƙe ta tun tana yarinya. Iyayensu sun mutu suna zancensa. Yanzu da ta ji Turawa za su tashi, ta ce ba za ta bar shi a daji ba mai kula ba, shi ne ta zo ta nemi izini a tono ƙasusuwansa ta kai shi kusa da uwarsu.

Na ga fuskar Iya ta sauya, ta ƙara riƙe tsintsiyar. Ban taɓa ganin tsoro a idonta ba sai ranar. Amma ta ce wa tafinta, "Gaya mata ɗan'uwanta ne, ita ke da shi. In ta ce a tono, ni zan kawo fartanya. Sai dai ka gaya mata ba a daji yake ba." Matar ta ɗago ta dubi kewaye, ta ga ko ƙaya babu, ta dubi tsintsiyar, ta tambaya wa ya sa wannan tsohuwa aikin. Iya ta ce, "Ba wanda ya sa ni. Tambaya ya yi ba a amsa masa ba." Daga nan ta ba ta labarin ranar da ta tsaya da tulu a kai, tafinta na juyawa yana share ido da hularsa. Suka zauna a inuwar tsamiyar har la'asar, ni ina can gefe da jiƙaƙƙen zane ba wanda ya tuna da ni. Ba a tono kowa ba. Da za ta tafi Iya ta tsinto mata tsamiya ta ƙulle a bakin hankicinta, ita kuma ta miƙa wa Iya laimar. Da laimar nan Iya ta riƙa zuwa kasuwa har ta mutu, mata na tsokanarta da matar Razdan, babban Baturen mulki, tana ce musu su matsa kada su tare mata iska. Mutanen gari suka ce tun daga ranar ba a ƙara jin Ina-gida ba. Na tambayi Iya ko ita ma ta daina jinsa. Ta ce, "Ni ban taɓa jin fatalwa ba. Da ransa na ji shi, kuma ya ishe ni."

Na ga mutane da yawa a duniya, masu ilimi da masu hali, amma ban ga wanda ya kai matar nan ba. Kwanan baya ƙanena ya turo mini bidiyo, wai in ga yadda gari ya ci gaba kafin in iso. Tudun ya cika da gidaje. Inda makabartar take an yi wurin buga bulo, an sare tsamiyar, wasu duwatsun an yi dakali da su ana zama a kai ana shan shayi. Na ce kabarin Iya fa. Ya ce, "Haba Yaya, wa zai iya nunawa yanzu?" Wannan bai ba ni haushi ba, haka namu yake, ita ma da an tambaye ta haka za ta so. Amma tsamiyar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. A nan Barking ma akwai tsohuwar makabarta a jikin wani tsohon coci, tun zamanin da wurin yake ƙauyen masunta kafin London ta haɗiye shi. Nakan ratsa ta in zan je kasuwa. Duwatsu sun karkace, gansakuka ta cinye sunaye, ma'aikata na zaune a benci suna cin abincin rana, wasu na jan karnuka. Ummi ta ce su ma suna da fatalwowinsu, har akwai masu tara mutane su zaga da su suna ba da labari, ana dariya ana ɗaukar hoto. Hukuma kan turo mai inji ya yanke ciyawa tas, wurin ya fi namu tsafta nesa ba kusa ba, sai dai mai yankan ya toshe kunnuwansa saboda ƙara, ba ya ce wa kowa komai. Ni kam har yau in na ratsa, hannuna yakan shige aljihun kwat da kansa don kada ya nuna.

Maigidana ya yi shekaru yana duba marasa lafiya da Turancin da har Turawa ke yabawa. A ciwonsa na ƙarshe Turancin nan ya zube gaba ɗaya, sai Hausa, ita ma irin ta ƙauyensu wadda ban taɓa jin ya yi ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, ita ma baƙuwa ce daga wata ƙasa mai nisa, da ta tambaye ni me ake ce wa marar lafiya a harshenmu. Na koya mata sannu. Duk sanda ta shigo sai ta sunkuya ta ce masa sannu, shi kuma ya juyo ya amsa mata da yauwa, fuskarsa ta saki. Ban san ko ta san girman abin da ta yi ba.

Ana saura 'yan kwanaki in tashi na ce wa Ummi ta kai ni in yi masa sallama. Da a gida ya rasu da ban taɓa ganin kabarinsa ba, a nan kuwa ba mai hana mace. Safiya ce mai yayyafi. Kaburbura a jere, kowanne da ɗan allo mai suna, na Somaliya, na Bangladesh, na Turkiyya, namu na Najeriya da Gana jefi-jefi. Na yi wa mutanen wurin sallama, na tsuguna gwiwa na ƙara, na yi masa addu'a. Ciyawa ta fito ta wajen kansa, na sa hannu na cire. Na kusa da shi wani ɗalibi ne ɗan ƙasarmu da ya zo karatu ciwo ya ɗauke shi, abokansa suka binne shi, suka gama karatu suka koma. Nasa ciyawa ta rufe har allon. Ban yi shawara da kaina ba, na dai ga hannuna ya tsallaka can.

Ummi na riƙe mini da laima, ta ce, "Kaka, your knees. They have people for that."

Na ce, "Na san akwai masu aikin, bar gwiwata. Riƙe laimar daidai, kina jiƙa ni."

Ta ci gaba da kallona ina cira. Tun ranar da Alhaji ya yi mata dariya take bitar gaisuwa, tana tare kowa a gida tana gwadawa. Ina jin so ta yi ta sa ni dariya, don ta ga idona ya kawo ruwa. Ta gyara murya irin ta Alhaji, ta ce, "Hajiya, ina gida?" Ta tsaya tana jiran lafiya lau.

Na buɗe baki zan ba ta. Ga ƙasa a farcena, ga nawa a dama, ga ɗan mutane a hagu. Na ɗaga haɓa na nuna mata tudun kakanta, na ce, "Nan ne."

Ta ce, "No, Kaka, you're meant to say lafiya lau."

Na ce, "Na san abin da ake cewa. Kira uwarki ki ce ta yi cancel ɗin tikitin nan, na fasa tafiya. In mun fita kuma ki tsaya da ni a shagon mutanen Gana, tsintsiya zan saya."